Na'urar da Na Koya wa Gaisuwa

Ban da moto, wato babur ɗina, da jakar allura, abu ɗaya na mallaka a shekarun da na yi ina tsaron wani shagon kayan noma a Magarya: mutanen ƙauye sun yarda da bakina. In na ce wa mutum zan zo ran Talata in duba masa tunkiya, to ran Talata zai ji ƙarar moto, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Saboda wannan ne ma mai shagon ya ɗauke ni aiki. Ni ba likitan dabbobi ba ne, horon ƴan makonni aka ba ni. Na iya allura, na iya ba da maganin tsutsa, na iya huda cikin sa in ya kumbura. Amma daga Bande har Dantchiao, in dabba ta kwanta lambar shagonmu ake nema, kuma ni ake nufi.

Ranar da Alhaji, wato mai shagon, ya dawo daga Damagaram da kwali a hammata, na san an samo mini aiki. Ya shiga wani biro, wato ofis, a can, ya ga ana kiran waya ba kowa a kujera, wayar kuma tana amsawa da kanta. Abin ya shiga ransa. Dama ya daɗe yana mita cewa in na tafi daji duba dabba, ko na shiga mangaza inda muke jibge buhuna, ko na tafi masallaci, sai waya ta yi ta kuka ba mai ɗauka, masu saye kuma su juya wani shagon. Ya buɗe kwalin a kan tebur. Baƙar waya ce mai cin sim, da ƴar fitila ja, da ɗan gilashi da ba ya nuna komai sai yawan saƙonnin da aka bari. Ya ce sunanta repondar, ya maimaita sunan sau biyu don masu zama ƙofar shago su ji.

Da muryar wata mata ta zo, mai Faransanci, mai laushi, irin wadda ba ta taɓa kiran akuya daga nesa ba. Kwana uku ta yi tana amsa wa manoman Magarya da Dungas waya, ba wanda ya ce mata uffan. Duk wanda ya ji ta sai ya kashe, ya duba lamba, ya sake kira, ya sake jin ta. Wani mai awaki daga Guci ya tare ni a kasuwa ya ce, "Kun sayar wa Nasara da lambar taku ne?" Na kai wa Alhaji maganar. Ya ce ai da sauƙi, wanda ya sayar masa ya ce ana cire muryarta a sa tamu. Ya miƙo mini wani ɗan littafi ya ce, "Kai ka yi lakwal, ka san boko, sai ka san yadda za ka yi da ita."

Lakwal ɗin da na yi ya kai ni karanta takardar magani, amma littafin nan da ƙyar na fahimci rabinsa. A danna tauraro, a danna bakwai, a jira matar ta gama magana, a riƙe wani maɓalli da yatsa, a yi magana, a saki. In ka saki da wuri ta yanke maka kalma, in ka daɗe ta kwashi numfashinka da tarinka. Minti ɗaya take ba ka, ba ƙari. Sannan ga maƙwabta. Jikin bangonmu injin niƙa ne, daga hantsi har la'asar ba ya hutawa, gabanmu kuma nan masu amalanke suke ɗaure jakuna. Akwai ranar da na jero maganata tas, ba tuntuɓen harshe ko ɗaya, ina kan kalmar ƙarshe jaki ya buɗe baki. Da na saurara, wallahi muryarsa ta fi tawa fitowa.

Na koma zuwa shago da sanyin safiya kafin mai injin ya iso, in rufe ƙofa da taga, in zauna cikin warin maganin ƙwari ina yi wa akwati magana. Ranar da na samu wadda ta yi, da azahar kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da wuta ta dawo na danna in ji muryata, sai ga matar nan da Faransancinta kamar ba a taɓa korarta ba. Sau huɗu muna haka ni da ita kafin in gano wani ɗan rami a ƙarƙashin wayar inda ake sa batir don kada ta manta. Ashe a shafin ƙarshe na littafin aka rubuta shi, inda ba mai isa.

Abin da na fara ɗauka, daga bakin matar na juyo shi: nan shagon kayan noma ne, ba ma kusa, in kun ji ƙara ku bar saƙo. Gajere, ba ɓata lokaci, ni a ganina aikin biro ke nan. Ba a yi mako ba wani dattijo daga wajen Dantchiao, wanda na daɗe ina yi wa tumakinsa allura, ya shigo shago ya zauna kan buhu. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har na fara jin akwai magana a ƙasa. Can ya ce:

"Ɗana, na yi maka wani laihi ne?"

Na ce, "Subhanallahi, Baba, wane irin laifi?"

"Shekaranjiya na kira ka. Ko sallama ba ka yi mani ba. Ka ce ba ka nan, alhali ga ka kana magana. In ba ka son zuwa, ai sai ka ce ba ka zuwa."

Na jawo wayar na danna masa, ya ji muryata tana fita, ni kuma ga ni bakina a rufe. Ya gyaɗa kai ya ce ikon Allah. Amma da zai tashi sai ya ce, "To ko ita ɗin ce, ai sai ka koya mata sallama."

Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Shi ya zo ya faɗa, saura mutum nawa ne suka ji haushi suka haɗiye? Abin da na yi shekaru ina ginawa a kan moto, cikin rana da caɓi, wannan akwatin zai zubar mini da shi ni ina can ina ɗaure buhu. Na ce wa Alhaji mu cire ta mu koma yadda muke, waya ta yi kuka ta gaji, wanda ya matsu ya sake kira. Ya dube ni kamar na ce ya aske gemu. Ya ce duk layin nan an san ya sayo ta, kuma ba na'ura ce ke da matsala ba, ni ne ban iya sa ta ba.

Na sa sallama. Alhaji ya saurara ya ce ba a ambaci kaya ba, mutum ya kira shago ai ya kamata ya ji abin da ake sayarwa. Ya jawo kujera kusa da ni yana jero mini: irin gero mai saurin nuna, irin wake, irin gyaɗa, taki kala biyu, maganin feshi, gishirin lasa, har da igiya. Na karanto su a guje don su shiga cikin minti ɗaya, na fito kamar mai shela ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa haƙuri ya kai kan igiya. Na ce, "Alhaji, mutane suna kashewa." Ya ce in rage sauri. Na ce in na rage ba za su shiga ba. Ya yi tunani mai tsawo ya ce to in cire igiya. Sai da ƙaninsa ya kira wata rana ya ce masa maganar ta sa shi ciwon kai, sannan ya sakar mini. Ya ce in yi yadda na ga dama, shi dai ya riƙa ganin fitilar nan tana ƙyaftawa.

Fitila kuwa ta riƙa ƙyaftawa. Na mayar da abin da na ɗauka sallama, sai bayani kaɗan, sai ƙara. Kullum in na dawo daga daji zan tarar da saƙo takwas, wani lokaci goma, in zauna da alƙalami in saurara. Ga irin abin da nake ji:

"Wa alaikumus salam. Ina wuni? Ina gajiya? Alo? Ya mutan gida? Alo, kana ji na? Kai, yau rezo ba kyau, waya ba ta kamawa."

Shi ke nan, ta yanke. Rabin minti take ba mai kira, mu kuwa a rabin minti ko kan iyali ba mu iso ba. Wani ya yi ta gaisuwa har lokacin ya ƙare. Wani ya gaishe ni sau biyu, ya ji shiru, ya ja tsaki. Akwai wata tsohuwa, har yau ban san ko wace ce ba, da ta kira sau uku rana ɗaya. Kowane kira sai ta gaishe ni, ta gaida Alhaji, ta tambayi yara, ta yi shiru tana jira, ina jin akuya tana kuka a bayanta, sannan ta ce, "To, sai an jima." Akuyar ce ba lafiya? Iri take so? Ba suna, ba gari, gilashin kuma ba ya nuna lamba. Na zauna riƙe da alƙalami ban rubuta ko harafi ɗaya ba, kaina kamar ya tsage.

Na bi kasuwanni ina yi wa mutane bayani: in kun ji ɗit, ku faɗi sunanku da garinku da abin da ya faru, ku bar gaisuwa sai mun haɗu. Kowa ya ce ya gane. Ba wanda ya yi. Da farko haushinsu nake ji, ina cewa taurin kai ne kawai irin na mutanenmu. Sai wata rana na kira shagon da kaina daga Bande don in bar wa Alhaji saƙo. Na ji sallamata, na ji ɗit, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina wuni, Alhaji?" Har na ɗan saurara ina jiran amsa. Nan na gane cewa wanda ya tashi a inda muka tashi ba ya iya ɗora buƙatarsa a kan gaisuwar da ba a amsa ba, harshen ne ke ƙin motsi.

A hanyar dawowa dabara ta zo mini, na yi ta murmushi ni kaɗai a kan moto. Tunda ba za su bar gaisuwa ba, to ni zan amsa musu ita tun kafin ƙarar. Kwana uku na yi ina maimaita tsofaffin saƙonnin nan da agogo a hannu, ina auna tazarar da ke tsakanin "ina kwana" da "ina gajiya". Har gida abin ya bi ni. Ina cin tuwo ina cewa "lafiya lau" a ƙasan maƙoshi, in ƙirga uku, in ce "ba gajiya". Matata ta ajiye mini ruwa ta ce, "In baƙin naka sun tafi ka gaya mini in kwashe kwanuka."

Na tarar mutanenmu kusan tafiya ɗaya suke yi a gaisuwa, kamar mata masu daka a turmi ɗaya. Na yi sallama, na bar fili su amsa su gaishe ni. Na ce "Lafiya lau," wadda ta ishi safe da yamma, na bar fili. Na ce "Ba gajiya," na bar fili. Na ce "Duk suna lafiya." Daga nan ne hanya take rabuwa. Wani zai ce a gaida Alhaji, wani ya yi addu'ar damina, wani ya ce sai na leƙo garinsu. Na rasa amsa ɗaya da za ta ishe su duka, har na tuna da wadda take shiga ko'ina. Na bar fili mai ɗan tsawo, sannan na ce, "To, to. In sha Allah." Bayanta ne nake bayanin cewa wannan na'ura ce, ba na kusa, in an ji ƙara a faɗi suna da gari da buƙata. Ban san sau nawa na ɗauka na goge ba kafin duka su shiga cikin minti ɗayan nan.

Da na gama na roƙi mai injin niƙa ya kashe injinsa na ɗan lokaci, ya zaga bayan shago ya kira, ya gaisa yadda ya saba. Ya dawo yana tafa hannu yana dariya. Ya ce, "Wallahi da ban baro ka zaune nan ba, da sai in rantse da kai na yi magana." Na ɗauki maganarsa yabo, har na saya masa shayi.

Aiki ya yi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na kuma ɗaga kafaɗa. Mutum ya gaisa an amsa masa, zuciyarsa ta kwanta, in ya ji cewa na'ura ce sai ya yi dariya ya faɗi abin da ya kawo shi. Na fara samun saƙo irin wanda ake rubutawa: wane ne daga gari kaza, tunkiya ba ta cin abinci, a zo. Samarin kasuwa suka riƙa kira don kawai su gaisa da ita su ga ko za ta yi kuskure. Alhaji yana jawo abokansa shago yana danna musu, yana cewa shi ya ba da shawarar. Dattijon Dantchiao ma ya aiko a ce mini yanzu ta yi hankali.

Mutum ɗaya ne ban yi wa bayani ba, don bai zo mini a rai ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a wani ƙauye gabas da Bande. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifina, a gonarsa na koyi riƙon garma. Yana da shanun huɗa biyu, ja da fari, da su yake noma, da su yake jan amalanke, kuma da hannunsa ya hore su tun suna maruƙa. Waya a wurinsa ta haihuwa ce da rasuwa, a shekara bai fi ya kira ni sau biyu ba, ni nake zuwa gaishe shi. Lambar salulata kuwa, wato wayar hannuna, ba ta zama wuri ɗaya, don mu na bakin iyaka yau sim ɗin gida ne, gobe na tsallake, duk wanda rezonsa ya fi kamawa. Saboda haka tun tuni na sa masa lambar shago a wayarsa, na nuna masa maɓallin da zai danna, na ce masa wannan ba ta canzawa.

Farkon damina ne, an yi shuka, ciyawa ta fara kore. Wata rana motar taki ta iso da hantsi. Ni da masu dako muna mangaza muna sauke buhuna, manoma sun cika ƙofa kowa yana so a sallame shi ya koma gona. Na ji wayar tana kuka daga nesa, na ce a raina ai akwai mai amsawa. Sai bayan azahar na samu na zauna. Saƙo uku ne, duk na masu tambayar ko taki ya zo. In mutum ya kashe kafin ƙarar, ba ta ajiye komai, ko alamar an kira ba ta nunawa. Na ci abincina, na koma kan buhuna.

Washegari wani mai amalanke daga ƙauyen Kawu ya zo ɗaukar taki. Muka gaisa. Yana ɗaure kaya, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ashe jiya ba ka samu isowa ba. Allah ya mayar da alheri."

Na ce, "Isowa ina?"

Ya saki igiyar ya juyo. "Jan san kawunka mana. Ai ya ce kun yi magana."

Na bar Alhaji da masu saye, na hau moto. Hanyar Bande na san ta kamar tsakar gidana, amma ranar ta yi mini tsawo. Tun kafin in bar gari na riga na gane abin da ya faru, ina dai ta neman wata hanyar da za a ce ba haka ba ne. Na tsine wa akwatin, na ji haushin Alhaji da ya ɗauko mana shi, na ji haushin wanda ya ƙera shi da minti ɗayansa. Wanda ya zauna kwana uku da agogo a hannu ne kawai na yi ta kewayewa. Kafin shiga ƙauyen na hangi ungulaye a wani fili bayan gari, na kawar da kai.

Kawu yana zaune ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida yana sassaƙa ƙotar hauya. Farin san yana ɗaure shi kaɗai a turke. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, shi ma ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, bai rage komai ba, har ya tambayi Alhaji da kasuwa. Ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi masa jaje, ya ce haka Allah ya so. Ya gaya mini cewa san ya tsinke igiya ne da asuba ya faɗa fadama, ya cika cikinsa da sabuwar ciyawa mai raɓa, kafin hantsi ya kumbura ya kwanta. Irin wannan na sha hudawa, in an zo da wuri dabba tana tashi.

Na ce, "Kawu, wallahi ban san ka kira ba. Ba ni na ɗauka ba, na'ura ce."

Ya ce, "Na'ura."

"Murya ce na ɗauka na ajiye a cikinta. In ba na kusa, ita ke amsawa."

Ya ci gaba da sassaƙarsa. "Ka yi mani sallama, na amsa. Na ce ina kwana, ka ce lahiya lau. Na ce ina gajiya, ka ce ba gajiya. Na tambayi yara, ka ce duk suna lahiya. Sannan na ce jan sa ya kumbura ya kwanta, ka taho da allurarka yanzu. Ka ce to, to, in sha Allah. Na kashe, na tahi na gaya wa mutane kana hanya."

Na ciro salula na kira shago, ina addu'a kada Alhaji ya ɗauka. Bai ɗauka ba. Na buɗe muryar na riƙe masa kusa da kunne. Muka zauna mu biyu muna jin ina yi wa iska sallama, ina amsa gaisuwar da ba wanda ya yi. Ya saurara har ƙarshe, har ɗit ɗin.

Na ce, "Ka ji ko, Kawu? A ƙarshe tana faɗi cewa na'ura ce."

Ya ce, "Wa ke tsayawa jin ƙarshe sa na kwance?"

Ya juya ƙotar a hannunsa, ya ce, "Ita ta san to? Ita ta san in sha Allah?"

"Ni na sa mata."

"To."

Na so in yi gardama. Na so in ce dabara ce na yi don girmama irinsu, cewa mutane da yawa sun amfana, cewa ni ban yi wa kowa alkawari ba. Duk gaskiya ce, kuma ba ta da wani amfani a ƙarƙashin rumfar nan. Wannan ne ya fi komai ƙona mini rai.

Ya ajiye gizago ya ce, "Liman ya zo da wuƙa tun hantsi. Sau biyu yana cewa a yanka tun da sauran rai, ko nama a samu. Wani makiyayi da ya sauka bayan gari ya ce in bar shi ya gwada hudawa irin tasu. Na hana su duka. Na ce ɗana na da ƙarhen da aka yi don wannan, kuma ya ce yana tahe. Suka ce rana ta yi, hanya da nisa, wataƙila wani abu ya tare shi. Na ce ku ba ku san shi ba." Ya dubi turke. "Liman ya tahi sallar azahar da wuƙarsa. Kahin ya dawo ya zama mushe."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni har na kasa shan ruwan da aka ajiye mini. Sa ɗaya ba ya jan garma, ga huɗa ta matso, ga Kawu ya tsufa da hauya. Na yi ta maza na ɗago na ce, "Kawu, ran Asabar zan zo da sassafe. Zan nemo aron sa a Bande mu haɗa da farin, ni zan yi maka huɗar da kaina."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya ce, "Ba sai ka sa rana ba, ɗana. In na gan ka, ka zo."

Ya miƙe ya ɗauki bokiti, ya nufi turke ya ba farin ruwa.